Wurin motsa jikin yaran Koci a Harobanda: ya ci jaka biyar ɗinsa, amma da sauran gyara

Duk wanda ya haura arba'in, tumbi ya fara fitowa, likita ya fara yi masa maganar hawan jini, kuma a Yamai yake zaune, ga wurin da zan nuna masa. Wani fili ne mai katanga a Harobanda. In ka haye gadar Kennedy ka wuce jami'a kaɗan, sai ka saki kwalta ka shiga layin ƙasa. Babu allo a ƙofa, babu suna. Masu shayi da masu facin taya na unguwar "wurin yaran Koci" suke ce masa, da haka za ka tambaya a nuna maka. Jaka biyar ake biya a wata, ɗalibi jaka biyu, yaro ɗan ƙasa da shekara 15 jaka ɗaya. Tun sanyin bara nake zuwa, kuma a ganina aikin da ake yi wa mutum ya fi kuɗin. Akwai kuma abubuwan da ban ji daɗinsu ba, zan faɗe su ɗaya bayan ɗaya, don masu wurin mutanena ne, ba zan yi musu kara a inda kara za ta cuce su ba.

Masu wurin su uku ne, dukansu sun yi gudu a hannun mutum ɗaya, marigayi kocin da ya horar da mu muna ɗalibai a ƙarshen shekarun 1990. Babbansu shi ne wanda har gobe muke ce wa Kaftin, don shi ke riƙe mana sahu a wancan zamani. Daga baya ya shiga INJS, makarantar horar da malaman wasanni, yanzu malamin wasanni ne a wata lise. Na biyun ya yi aikin soja ya ajiye. Ta ukun Hajiya ce, wadda ta yi gudun mita 400 a lokacin da ake nuna mace da baki in an gan ta da wandon gudu, yanzu a asibiti take aiki. Filin na dangin Kaftin ne. A zaman makokin Koci aka fara maganar, aka yi ta jan ta a WhatsApp, har su ukun suka haɗa ɗan abin da ke hannunsu suka zuba yashi, suka kafa rumfar kwano, suka buɗe ƙofa.

Ranar farko ba a barinka ka taɓa ƙarfe ko ɗaya. Hajiya za ta zaunar da kai a benci, ta bari numfashinka ya sauka, ta ɗaura maka abin awon tansiyo a damtse. Ta tambayi shekarunka, ko kana shan wani magani, ko kana da ciwon suga, ko ƙirji yana yi maka nauyi in ka hau bene, ko a gidanku an taɓa samun wanda ya yanke jiki ya faɗi haka kawai. Duk tana rubutawa. In awon ya haura 140 bisa 90 za ta sake aunawa wata ranar, in ya tsaya a saman, sai ka kawo takardar likita kafin a karɓi kuɗinka. A gabana ta mayar da wani Alhaji mai babbar mota, yana ta cewa shi lafiyarsa lau, zai biya na wata uku a dunƙule. Ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Muna nan ba inda za mu je. Tafi ka ga likita ka dawo." Ya fita ransa a ɓace. Bayan 'yan makonni ya dawo da takarda a hannu da magani a aljihu, yanzu yana cikin waɗanda ba sa fashi.

Daga nan Kaftin zai ce ka cire takalmi ka miƙo. Sai ya juya shi ya duba ƙasan, ya ga gefen da ya fi cinyewa, ya lanƙwasa shi, ya danna gaban da babban yatsa ya ji ko akwai sarari. Daga cin da ƙasan takalmin ya yi yake gane yadda kake taka ƙasa. Da ya duba nawa cewa ya yi, "Har yanzu da gefen waje kake takawa a ƙafar hagu." Sama da shekara ashirin ke nan da Koci ya faɗa mini wannan maganar a bakin fili, takalmina na gwanjo a hannunsa. Na tsaya ina kallon Kaftin, har yadda ya karkata kai yana leƙen takalmin na Koci ne. Bayan haka sai a ce ka yi tafiya, tafiya kawai, minti ashirin, wani yana gefenka yana jan ka da hira. Hirar awo ce: muddin kana iya ba da amsa numfashi bai katse maka magana ba, saurin ya yi daidai da jikinka. Mako biyu kana wannan kafin a bari ka fara sassarfa. Da yawa abin yana ba su haushi, musamman samarin da suka zo don ƙirji ya buɗe kafin Sallah, wasu ma daga nan ba sa dawowa. Masu wurin sun san suna asarar kuɗi a kan haka, kuma ba su sassauta ba.

Dole in tsaya a kan Koci, don wanda bai san shi ba ba zai gane dalilin da wurin yake haka ba. Ba'adare ne, daga wani ƙauye a jihar Tawa. Ni ma can aka binne cibiyata, shi ya sa tun ranar farko kunnena ya kama harshensa. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Tsohon mobilet gare shi, da kurono, agogon auna lokacin gudu, da ya rataya a wuya da igiyar takalmi, da wani littafi mai baƙin bango da yake ɗaurewa da roba. Ya yi kokowa yana yaro kamar kowane ɗan Adar, kuma duk shekara in lokacin takobi ya zo rediyo ba ya barin kunnensa. Yana alfahari da cewa a Tawa aka fara gasar a 1975, ko da yake Kantu na Maradi ne ya tafi da takobin, abin da bai taɓa daina yi masa ciwo ba. Daga kokowar ya ɗauko abin da ya fi nanata mana, wato kafin ka kai hannu ka tabbata ƙafarka ta zauna. In sabon yaro ya ɓalle da gudu tun zagayen farko, sai ya bari ya zo giftawa, ya ce masa a hankali, "Ɗana, wa ya koro ka? Tahi sannu, hilin ba ya zuwa ko'ina."

A cikin littafin nan kowannenmu yana da shafinsa. Lokacin da ka yi a mita 800, ranar da ka yi fashi, ranar da ka zo da zazzaɓi, har sakamakon jarrabawarka yana ciki. Wanda ya faɗi jarrabawa ba ya zuwa gasa, ko da shi ne ya fi kowa ƙafa. Mun taɓa rasa wanda ya fi mu duka a mita 1500 saboda haka. Muka yi gayya muka je roƙo, Koci ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce uban yaron bai sayar da bisashensa ya turo shi Yamai don ya zagaya fili ba. Yaron ya yi fushi, ya daɗe ba ya gaishe shi. Yau yana aiki a arewa wajen Arlit, kuma shi ya sayi kwanon rumfar da muke fakewa a ƙarƙashinta. Irin wannan littafin ne Hajiya take rubutu a ciki, mai baƙin bango, da roba. Na tambaye ta ko da gangan ne, ta ce ita ba ta ma san ana riƙe mutane da wani abu daban ba.

In wata ya yi nisa, aljihun ɗalibi ya bushe, Koci yana ganewa daga yadda yaro ya fara ja da baya a zagaye na uku. Ba ya tambaya ko ka ci abinci, ya san kunya ba za ta bari ka faɗa ba. Sai ya ce duk mu biyo shi wajen mai kunu da ƙosai a bakin titi, yana da magana da mu. Maganar ba ta wuce minti biyu, kunu kuwa kowa ya sha ya ƙoshi, shi ya biya. Sai da muka girma muka fara karɓar namu albashin muka san abin da wannan kunun yake ci masa.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne inda yake tsayawa. Shi ba ya jiran na farko a layin ƙarewa. Kurono yake miƙa wa Kaftin, shi ya koma ya bi na ƙarshe, yana sassarfa a gefensa da silifa. Ba a watsewa sai na ƙarshen ya shigo, kuma a tsaye kowa zai jira shi, ba mai zama. Wannan ɗabi'ar ce na samu a wurin nan ba ta canja ko kaɗan ba, kuma ita ce ainihin abin da kake saya da jaka biyar ɗinka. Safiyar Asabar ana fita waje, a bi ta wajen gonakin shinkafa na bakin kogi a dawo, tsohon sojan ne ke bin baya. Akwai wani dattijo mai sayar da kayan gini da kullum shi ke zuwa ƙarshe, nauyi ya yi masa yawa, yana tafe yana jan ƙafa, tawul a wuya. Samari cike da fili a tsaye cikin zufa suna jiransa, ba mai tsaki, ba mai duban agogo. In ya shigo a tafa masa, sannan a miƙe jijiyoyi gaba ɗaya. Dattijon ya gaya mini ya taɓa biyan kuɗi masu yawa a wani wuri mai injuna da sanyin iyakwandishan a cikin gari, bayan wata guda ya daina zuwa, ba wanda ya neme shi. A nan ya yi fashin kwana biyu, da magariba sai ga sallamar Kaftin a ƙofar gidansa: "Baba, lafiya dai? Ba mu gan ka ba."

Ɗaya daga cikinmu yana Amurka, a Greensboro inda 'yan Nijar suke da yawa, shi ke turo takalma na hannu ana raba wa yara. Shi ya ba mu labarin yadda harkar take a can: jami'o'i da kwalejoji sama da 1,000 a ƙarƙashin NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ɗalibi yana iya samun karatu kyauta saboda gudu ko ƙwallon kwando, manyan kocin jami'a kuma suna karɓar miliyoyin dalar Amurka a shekara. Ya kawo mana labarin kocin ƙwallon kwando John Wooden, wanda ya ci kofin ƙasa sau 10 da jami'ar UCLA tsakanin 1964 da 1975, ya rasu a 2010 yana da shekara 99. Darasinsa na farko ga sababbin 'yan wasa shi ne yadda ake sa safa a ɗaure takalmi don kada ƙafa ta yi bororo, kuma tsofaffin yaransa irin su Kareem Abdul-Jabbar ba su daina kai masa ziyara ba har ƙarshen rayuwarsa. Ba wanda ya yi mamaki a cikinmu da ya karanta. Namu kocin bai tara kofuna ba, ba a sa wa wani gini sunansa ba, amma mu ma daga takalmi aka fara mana.

Abin da ya ƙara sa nake girmama waɗannan ukun shi ne ba su ɗauki duk abin da Koci ya yi a matsayin wanda ba a taɓawa ba. A zamaninsa ba a shan ruwa sai an gama. Haka aka koya musu, wai ruwa yana sa ciwon gefen ciki kuma yana rage juriya. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu wannan wasa da rai ne, kuma da idona na ga yaro ya yanke jiki ya faɗi a kan haka. Hajiya ta soke dokar tun ranar buɗewa. Akwai randuna biyu a gindin dogonyaro, kowa da gorarsa, kuma duk bayan kamar kwata na awa usur zai tashi a je a sha, ko kana jin ƙishi ko ba ka ji. Haka tsallen kwaɗo, wanda Koci ke hukunta mai latti da shi har zagaye guda, sun daina shi, don gwiwoyin da yawa daga cikinmu suna ba da shaida yau. Ba a kai nan ba sai da aka yi gardama. Tsohon sojan ya dage cewa abin da ya gina su ba zai rushe yaran yanzu ba. Hajiya ta ce masa, "Yaya, da Koci ya san abin da muka sani yau, da shi zai fara ɗauko randar a kan mobilet ɗinsa." Ya yi shiru, don ya san gaskiya ce.

Kayan aiki kam kada ka sa rai. Ƙarafan ɗagawa a Katako aka ƙera su, wasu ma siminti ne aka zuba a gwangwani aka soka bututu, aka rubuta nauyin da fenti. Kekuna biyu na tsaye, ɗaya yana kuka. Igiyoyin tsalle, tayoyin mota, tabarmin roba, sandar lilo. Babu injin gudu, kuma ban ji rashinsa ba, tunda da an ɗauke wuta aikinsa ya tsaya. Zagayen filin bai kai rabin mita 400 na fili na ƙa'ida ba, don haka masu shirin gasa ko jarrabawar shiga aikin kaki Kaftin kan tafi da su babban filin wasa na Janar Seyni Kountché lokaci-lokaci su auna kansu.

Ana buɗewa bayan sallar asuba zuwa bakwai da kwata, sai kuma bayan la'asar zuwa gab da magariba. Lissafin da suke yi wa manya ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka, an ma rubuta shi da alli a jikin katanga. Ni dai barcina ya gyaru, ina hawa benen ofis ba tare da na tsaya a tsakiya ba, awon tansiyona ya sauka. Maganina ban daina ba, kuma Hajiya ba ta yarda kowa ya ajiye nasa don ya ga awo ya yi kyau. Takan ce wanda ya rubuta maganin shi zai ce a rage.

Mata suna da ranakunsu, a rufe ƙofa, daga Hajiya sai su. Wannan ne ya sa uwargida ta yarda na kai ɗiyarmu mai shekara 12, bayan ta je da kanta ta ga wurin, ta ga 'yan mata da dogon wando da hijabi suna zagaye. Yara ba a karɓarsu sai da takardar sakamakon lakkwal, kuma duk ƙarshen zango sai an sake kawowa. Ba a ba su ƙarfe mai nauyi, wasa ne da tsere da tsalle da koyon yadda ake kaɗa hannu. Na tsaya wata ranar Lahadi ina kallon Hajiya ta durƙusa a yashi tana gyara wa ɗiyata kafa ƙafa a layin tashi, tana tura mata diddige baya da tafin hannu, tana cewa, "Kada ki ɗaga kai da wuri, 'yata, ƙasa za ki duba har taki biyar." Yarinyar ta dawo gida tana ba mu labarin Aminatou Seyni, wadda ta zo ta huɗu a gudun mita 200 a gasar duniya ta 2022 a Eugene, tana cewa Tanti Hajiya ta ce Aminatou ma daga irin wannan yashin ta fara. Samarin kuwa rabinsu taikwando suke so saboda Alfaga, zakaran Nijar a wannan wasan. A nan ba a koyar da shi, Kaftin yana gaya wa iyaye gaskiya ya tura su inda ake yi.

Alfagan ma yana tuna mini Koci. Muna ɗalibai lambar Olamfik ɗaya tak Nijar take da ita, tagullar da Issaka Daboré ya ciyo a dambe a Munich a 1972, kuma Koci ba ya gajiya da ambatonta. Allah ya ja ransa har ya ga ta biyu bayan shekara 44, daren da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a Rio a 2016. Cikin tsakar dare ya bi mu da waya ɗaya bayan ɗaya, murya tana rawa, abin da yake ta faɗa kawai, "Kun gani? Kun gani, ɗiyana?"

To, ga inda wurin ya gaza. Makewayi ɗaya ne, wurin wanka kuma ɗan lungu ne da bokiti. Wanda zai wuce ofis daga nan sai ya yi layi, ko ya koma gida ya sake fitowa. Wannan ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, na faɗa musu, har yau ana cewa za a yi. Da hunturu ƙura tana tashi sosai, ba a yayyafa wa yashin ruwa kafin a fara, mai asma ko mai yawan mura zai sha wuya daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina kuma layin shiga yana cika da ruwa, mai ƙaramar mota sai ya ajiye ta a bakin kwalta ya tako. Ba sa ba da rasit, a littafi kawai ake rubutawa, kuma na ga an yi sa-in-sa da wani a kan ko ya biya na watan ko bai biya ba. Wurin da ake karɓar kuɗin jama'a ya wuce a riƙe shi da amana kaɗai.

Dokar rufe ƙofa ma ina da ja a kanta. Da lokaci ya cika ake sa sakata, kamar yadda Koci ke yi mana. Mu ɗalibai ne a lokacin, ɗakunanmu suna nan kusa, latti lalaci ne. Magidancin da ya taso daga Lazare ko Wadata da yamma, ya faɗa cunkoson gada, ya iso da minti biyar a tarar an kulle, wannan ba tarbiyya aka yi masa ba, korarsa aka yi. A ba da minti goma, mai lattin ya yi ɗuminsa a gefe ya shiga sahu.

Wanda ya fi damuna shi ne zaman yamma. Ranakun da Kaftin yake makaranta wani matashi ake bar wa wurin. Yaron kirki ne, yana da ladabi, amma idonsa yana kan waya. Na ga saurayi yana ɗaga ƙarfe daga ƙasa da baya a tanƙware, irin ɗagawar da ke kwantar da mutum wata da watanni, matashin yana zaune bai gani ba, sai da wani dattijo ya yi magana. Da safe ba za ka taɓa ganin haka ba. Ko dai su horar da shi yadda aka horar da su, ko a kulle ƙarafan in ba ɗayansu a wurin. Wanda zai fara zuwa, shawarata ya zaɓi safiya.

Akwai kuma wani abu da ni kaina nake jin nauyin faɗarsa, amma gyara ne. "Koci ya ce" ta yi yawa a wurin. Sabon zuwa zai tambayi dalilin da za a ɗuma jiki minti goma sha biyar kafin a fara, sai a ce masa haka Koci yake yi. Mu wannan amsar ta ishe mu, har ƙwalla takan kawo mana. Shi kuwa bai san mutumin ba, bai sha kununsa ba, kuɗinsa ya biya yana son a gaya masa cewa tsoka mai sanyi ita ke saurin yagewa, zuciya kuma ba ta son a tashe ta farat ɗaya. Koci da kansa yana bayani. Yakan tsugunna ya zana ƙafa a ƙasa da tsinke ya nuna maka jijiyar da za ta ja in ka yi gaggawa. Haka in an gama, tsofaffin ɗalibai mukan haɗu a benci ɗaya mu shiga hirar da, baƙo ya tsaya gefe yana ɗaure takalmi ba mai ce masa matso. Mutumin da ya shekara da shekaru yana bin na ƙarshe ba zai so a bar wani a gefe da sunansa ba. Hajiya ta fi sauran kiyaye wannan, Kaftin yana ƙoƙari, tsohon sojan ne har yanzu da saura.

Wani abu da ban sani ba sai daga baya, kuma ba su suka gaya mini ba: duk ƙarshen wata kafin su raba komai suna fitar da wani kaso su kai wa iyalin marigayin. Sau ɗaya a shekara kuma ana saukar Alƙur'ani a filin a yi masa addu'a, sannan a yi tsere na yara, a raba littattafan rubutu da takalman da suka zo daga Amurka. Tsofaffin yaransa suna zuwa daga Tawa, daga Maradi, daga Damagaram, akwai likita, akwai malamin makaranta, akwai ɗan kasuwa, akwai wanda rayuwa ba ta yi masa daɗi ba, duk a tabarma ɗaya. Allah ya jiƙan Koci, ya sa aljanna ce makomarsa.

Wanda yake neman madubi da kiɗa da injuna masu allo, akwai su a cikin gari, nan ba wurinsa ba ne. Wanda kuma ya daɗe bai motsa ba, yana tsoron farawa, ko yana son inda zai kai yaro hankalinsa kwance, ya zo. Da azumi ana ɗage zaman safe, a koma na dare bayan asham, kuɗin wata kuma ana rage shi rabi. Asabar ta farko kyauta ce. Ka taho da gorar ruwa da tawul da takalmin da ka saba tafiya da shi, kada ka sayi sabo sai Kaftin ya duba tsohon, in kuma kana shan magani ka zo da kwalinsa Hajiya ta gani.